Igiyar da ke aljihun Baba Tankari

Baba Tankari ya rasu.

Yau da safe labarin ya same ni a Dogon Dutsi, ina kwaɓa ƙasa wurin ginin sabuwar lakwal, wato makarantar boko. Wani mai jaki daga wajen Dumega ya tsaya ya ce, "Kai ne Bawa? Tsohon nan naku mai buga ƙarfen Lahadi, jiya anka rufe shi." Har ya kora jakinsa sai ya waiwayo ya ce dattawan majami'a za su ƙone abin da aka samu a aljihunsa, ran Lahadi bayan sujada.

Na wanke hannu na nemi takarda. Karatuna bai wuce na Littafi ba, ku yi haƙuri da rubutun. Wanda ya karanta ya miƙa wa na gaba, don ta isa ƙauyenmu kafin Lahadi.

Shekarar da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu aka yi mini baftisma. Da na koma gida mahaifina ya janye akushinsa daga gabana, ya ce in nemi wani uban. Na je na zauna bakin rumbun Baba Tankari. Bai yi mini wa'azi ba. Ƙwaryar fura ya turo.

"Sha tukuna, kukan ya jira."

Da damina ta faɗi ya yanka mini gefen gonarsa, ya ba ni iri. Shi ne kuma ya taɓa raɗa mini a tsakiyar waƙa, "Rage murya, ɗana, Allah na kusa."

Amma akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai game da shi. Duk sa'ad da aka ce mu yi addu'a, kowa ya rufe ido ya haɗa hannu, shi sai ya cusa hannun dama cikin aljihu. Ni kuwa idona ɗaya ba ya rufuwa. Ina ganin rigar tana motsi kaɗan-kaɗan, leɓensa ma yana motsi. A ce amin, a tashi, a fita gaishe-gaishe, shi yana nan zaune bisa kututture.

Kowa da abin da yake faɗi. Wasu sun ce carbi ne. Wasu sun ce ai mutumin wajen Lugu ne, da can shi ke yi wa 'yan bori goge, bai zubar da kayan duka ba. Inna Cima, mai share mana majami'a, ta ce, "Ku bar tsoho, goro yake ɓoye muku."

Ni dai na yi ta kallo, shekara huɗu.

Bara aka aiko mana Malam Ishaya, sabon mai wa'azi, saurayi kamata amma da ilimi. Kun san al'adarmu: kafin mutum ya shiga ruwan baftisma yakan kawo layu da guru a ƙone gaban jama'a. Malam ya ce Baba ya fito da abin aljihunsa kafin Jibin Ubangiji.

Baba ya ce, "Ba na wuta ba ne, Malam."

"To mene ne?"

"Wanda nike yi dominai ya sani."

Tun daga ranar ake tsallake shi da gurasa da ƙoƙo. Bai yi fushi ba. Kowace Lahadi shi ne dai ke fara zuwa ya buga ƙarfe.

Mako uku da suka wuce na je gida. Da zan dawo ya rako ni Dumega jiran kamyo, babbar motar kaya. Muna zaune a inuwar gawo, na ce, "Baba, don Allah, me ke cikin aljihun nan?"

Ya yi dariya har da tari. "Shekara huɗu kana leƙe da ido guda, sai yau ka samu baki?"

Sai ya jawo ta.

Igiyar rama ce siririya, doguwa, ta yi baƙi don shafa. Ƙulli ne a jere tun daga kai har ƙarshe. Babu fata, babu rubutu, babu komai a ɗinke.

Ya ce da aka koya musu cewa 'yan ikilisiya su riƙa yi wa juna addu'a, har da masu ƙinsu, sai ya ga masu karatu suna rubuta sunaye a takarda. Shi bai iya ba, kansa kuma yana zubar da mutane. Sai ya ƙulla kowa a igiya.

Ya fara bi da yatsa. Ƙulli na farko na matarsa ne, wadda ta koma gidansu ranar da ya ajiye goge. Ga na Inna Cima, ƙulli biyu bisa juna, don ciwon ƙafarta. Ƙulli mai jan zare na mace mai ciki ne, in ta sauka lafiya sai ya zare. Ga na wani Bafillace da shanunsa suka cinye masa wake. Na ce har shi? Ya ce, "Shi ma ɗiya gare shi." Akwai waɗanda ya tsallake da sauri, ya ce asirinsu ne, su suka kawo masa. Nan na gane abin da ya hana shi shimfiɗa ta gaban jama'a.

Wani ƙaton ƙulli ya tsaya mini a ido. Na ce wannan fa?

"Malam Ishaya. Yaro ne, anka aza mai kaya da yawa."

Sai ya nuna mini biyu a manne, ko allura ba ta shiga tsakani. Ya ce ni ne da mahaifina. "Shi ya kore ka, ni ban ga dalilin raba ku ba."



Muna kan ƙulli na talatin da ɗaya kamyo ya yi oda. Igiyar ko rabi ba mu kai ba. Ya naɗe ta ya ce, "In ka komo mu ƙarasa. Amma muddin ina raye, bakinka ya yi shiru."

To, na yi shirun. Yanzu ba ya raye.

Malam Ishaya, dattawa, da girmanku nake roƙo: kada ku sa ta a wuta. Ba laifinku ba ne, ni ma da bai nuna mini ba da har yau zato nake. Ran Asabar zan taho ko da ƙafa ne, in nuna muku talatin da ɗayan da na sani. Ina so kuma a faɗa a majami'a cewa Baba bai mutu da laya ba.

Abin da nake ta juyawa tun safe shi ne sauran igiyar. Su wane ne? Ƙauyenmu duka, Kirista da Musulmi da masu bin iskoki, ban ga ya kai yawan ƙullin nan ba. Wataƙila kai mai karanta wannan kana ciki, ba ka taɓa sani ba.

Ya Ubangiji Yesu, ka karɓi bawanka Tankari, ka zaunar da shi a teburinka inda ba a tsallake kowa. Ka ta'azantar da mu. Amin.

'Yan'uwa, ku yi masa addu'a. Ku ƙara da mutanen sauran igiyar, ko ba suna, Allah ya san su. Tun jiya ba mai ambatonsu.