Ranar da Dela ta buɗe fuskarta

Shekara goma sha ɗaya muna katanga ɗaya da Yaya Dela, a ƙauyenmu da ke tsakanin Roni da Gwiwa, ban taɓa ganin fuskarta duka ba. Kullum gefen mayafi na kan kuncinta na hagu, in hannuwanta na aiki sai ta cije bakinsa da haƙori. Haka take daka, haka take kai daddawarta kasuwa. Mun dai san agana ce ta yi mata zanzana tun tana ƙarama, har ta cinye mata ido ɗaya. Ni da bakina ba ya shiru, na sha tsokanarta in ce mijinta Daudu rabin mata ya aura. Sai ta yi dariya ta cikin mayafin, ta ce rabin ma ya ishe shi.

Sau ɗaya tak ta ba ni labarin, muna ɓarar gyaɗa. Tana da shekara bakwai cutar ta kama ta, aka yi mata bukka a bayan gari kamar yadda ake yi wa kowa. Abinci a ƙwarya ake zubawa, a turo da doguwar gora. Uwarta ma daga nesa take tsayawa tana kuka. A kwana na uku wata tsohuwar Babarbariya mai sayar da kanwa, Mairam, ta zo wucewa da jakinta, ta ji kukan yarinya, ta sunkuya ta shiga. Ita ma ta taɓa yin aganar, saboda haka ba ta tsoronta. Ta ɗaure jakin a gindin tsamiya, ta yi kwana goma sha tara tana ba ta kunu a baki, tana shafa mata mai. Da yarinyar ta miƙe, tsohuwar ta kama hanyarta, ba a sake jin ɗuriyarta ba.

"Ba kunun nake tunawa ba, Mairo," in ji ta. "Hannun nake tunawa. A ce ga mutum ya taɓa ni."

Tun daga nan, duk inda aka ce agana ta ɓulla, sai ka ga Dela da tabarma da tulu ta nufi bayan gari. Har ƙauyukan wajen Babura ta sha zuwa a ƙafa. Wasu masu cutar su tashi, wasu ita ke yi musu wankan gawa. Ko ƙwayar gero ba ta karɓa. Mu kuwa ladan da muke ba ta, in ta dawo mu gaishe ta daga nesa, mu yi wata guda ba mu sayi daddawarta ba. Har da ni a ciki, kuma har yau in na tuna kunya nake ji.

Da rani, ana tsakiyar yaƙin basasa, motar masu lamba, wato rigakafin agana, ta zo garinmu. Abin da suke yin lambar da shi kamar bindiga yake, da ƙafa ake taka shi. Kafin su gama sauke kaya zance ya zaga gari: wai shaida ake yi wa 'ya'ya maza don a zo a kwashe su yaƙi, mata kuma ba za su haihu ba. Kowace uwa ta ɓoye nata. Ni da nake ganin na fi kowa wayo, rumbu na jefa nawa biyu, Sama'ilu da ƙanwarsa, a kan dammunan gero, na mayar da murfi.

Mai unguwa ya yi magana, sanƙira ya yi shela har muryarsa ta dishe, ba wanda ya fito sai tsofaffi uku. Shugaban masu lambar, Malam Manasseh, mutumin kudancin Zariya, ya ce da la'asar za su wuce, akwai garuruwa a gabansu. Ya ce kuma cutar ta riga ta shiga wani ƙauye da bai fi tafiyar rabin yini daga namu ba.

Bayan azahar sai ga sallamar Yaya Dela a tsakar gidana.

"Ina yaran?"

"Sun tafi gidan kakarsu, Yaya."

Ta dubi rumbun, wanda a lokacin nan yake atishawa. Ba ta yi dariya ba.

"Duk bukkar da na shiga a duniyar nan, ban taɓa tarar da mai tabon lamba a damtse yana kwance ba," ta ce. "Ko ɗaya."

Na fara kawo mata zancen yaƙi. Sai kawai ta saki mayafin ya faɗo kafaɗarta.

Na dube ta. Daga goshi har haɓa babu wurin da za ka ɗora yatsa ba rami ba, kamar ƙasar da ruwan farko ya daka. Inda ido ya kamata ya kasance, fata ce a lotse. Na yi niyyar kau da kai.

"A'a, kalla, Mairo. Kalla da kyau. Ni wadda ta tsira ce ma. Yara goma sha huɗu na wanke da hannun nan. Ba zan wanke naki ba."

Ban san lokacin da na hau rumbun ba.

Ta ɗaure mayafin a ƙugu, ta fita haka, rana tsaka, ta bi gida gida. Ina biye da ita da 'ya'yana. Matar da ta yi shekara talatin tana ɓoye wannan fuska, ga ta tana kai ta ƙofar kowa, har gaban mazan da ke zaune a dakali. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Tsayawa kawai take yi a dube ta, sai ka ji ana buɗe rumbu, ana ɗaga gado, wata ma daga cikin randa ta ciro nata. Ban taɓa ganin kwarjini irin na ranar nan ba, a fuskar namiji ko ta mace.

A gindin ɗorawa ta zauna, duk yaron da za a yi wa lamba a cinyarta ake yi masa. Wasu in sun ɗaga kai suka gan ta sai su ƙwalla ƙara, ta rungume su a haka. La'asar ta yi, direba ya ta da mota, Malam Manasseh ya ce ya kashe ta. Sai dab da magariba suka gama da na ƙarshe. Kafin ya shiga mota ya zo gabanta ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, yau ke kika yi aikin. Mu abin kawai muka taka."

Agana ba ta shigo mana ba a shekarar, ba ta kuma sake shigowa ba. Yaya Dela ba ta ƙara rufe fuska ba.

Bayan shekaru, lokacin da kuɗin man fetur ya kawo mana makarantar firamare, autata Aisa ta dawo daga aji ta tarar da mu muna tsintar kalwa. Ta tsaya tana kallon ta, irin kallon yara marar kunya.

"Iya Dela, me ya sami fuskarki?"

Na ɗaga hannu zan make ta, Yaya Dela ta riƙe ni.

"Agana ce, 'yar nan."

"Mece ce agana?"

Yaya Dela ta dube ni. Ta fara dariya, tana yi tana yi, har hawaye ya zubo daga idon nan nata ɗaya.

"Kin ji, Mairo? Ba ta san ta ba."