Dogara Na Wuta

"Tsaya, mayar da shi baya kaɗan. Mala'ikan nan agogo ne a hannunsa?"

"Agogo ne. Na roba."

"To a lahira me zai yi da agogo?"

"Ƙila yana da duti. Kar sufabaiza ya rubuta shi latti."

Dariya ta cika ɗakin. Juma'a ce, an sauko daga masallaci, mazan ɗakin sun haɗa kai a kan waya ɗaya a masaukin ma'aikata da ke Al Wakrah, can ƙasar Larabawa. Dogara yana gadon sama, fuskarsa ga bango kamar mai barci. Ba barci yake ba. Ya san agogon nan. Nasa ne.

Dogara mutumin Kafanchan ne, shi kaɗai ne Kirista a ɗakin, yana gadin wani bene a Bin Mahmud. Mutum ne mai tsabta da tsare gida, rigar aikinsa kullum a goge. Abu guda ke sa shi yawan magana: finafinan lahira da 'yan coci ke haɗawa a gida. Ba ya raina ranar shari'a, yana tsoronta kamar kowa. Masu fim ɗin ne ya raina. Yakan ce mutanen da ba su iya ɗaukar bidiyon biki ba tare da sun yanke kan amarya ba, su ne suka tashi nuna wa duniya kursiyin Allah. Gajimarensu audugar asibiti ce. Ƙofar sama labulen falon fasto ne. A tsakiyar waƙar mala'iku sai ka ji janareta na tari, ko zakara ya yi cara a Aljanna.

Abin da bai taɓa faɗa wa 'yan ɗakin ba shi ne, shi ma ya fito a ɗaya.

Yana saurayi lokacin. Wani ɗan'uwa a cocinsu, mai ɗaukar bidiyon biki, ya ce an nuna masa fim a mafarki. Aka ba Dogara matsayin ɗan kasuwa mai tauye mudu, wanda ya mutu aka jefa shi wuta. Wutar kuwa tsofaffin tayoyi ne aka cinna a bayan garejin wani makanike. Shaiɗan ya sha baƙin mai a fuska, da ƙahon kwali, ɗaya ya karye tun kafin a fara. Babban kuskuren shi ne suna. Darakta ya ce idan aka ba 'yan wasa wasu sunaye za su manta ba su amsa ba, don haka kowa ya riƙe nasa. Haka mala'ika, ɗaure da agogon da ya ara a wurin Dogara, ya ɗaga hannu ya ce, "Dogara, tafi hagu."

A wayar, muryar ta fito ras.

Aruna, direba ɗan Kumasi mai gadon ƙasa, ya miƙe ya leƙa sama.

"Oga, kai ne wannan?"

"Ni ne."

"Kai ke kuka haka? Kana kuka kana kare hayaƙi da hannu."

"Taya ce ke ci, Aruna. Kai ka tsaya kusa da ita ka gani."

Suka sake fashewa. Dogara ya bari suka gama. Dariyarsu ba ta dame shi ba kamar abin da ke jiransa a gida.

Akwai Rifkatu, malamar firamare, wadda yake so ya aura idan ya je hutu. Ita ta yarda, mahaifinta ya yarda. Mahaifiyarta ce ta tsaya. An nuna fim ɗin a taron zumuntar mata tun shekarun baya, kuma har yau matan unguwar Dogara Na Wuta suke kiransa, don a bambanta shi da Dogara mai kemis. Ya buga mata waya, ya durƙusa a ƙasa ko da yake ba ta ganinsa.

"Mama, wasa ne fa. Taya ce."

"Na san wasa ne, ɗana, ni ba yarinya ba ce. Amma da sunanka aka kira ka, da idona na ga an ja ka. In na rufe ido a addu'a, kai nake gani a ciki. Ba an rubuta a ƙarshe a saurari kashi na biyu ba? To ina sauraro."

Kashi na biyu, a nan ne aka shirya Dogara zai farka ashe mafarki ne, ya tuba, ya cika mudu, ya shiga sama da fararen kaya. Ba a taɓa ɗauka ba. Ruwa ya shiga kyamara, darakta ya koma kiwon kaji.

Da rana ta yi sanyi, Dogara ya sauko daga gado ya tsaya bakin taga. Can bayan gidaje ga teku ya kwanta shuɗi, ga farin yashi. Ya duba ya sake dubawa. Ko ba komai, ya fi labulen fasto. Ya san abin da zai fito: iska za ta cinye maganar, hannun mai ɗauka zai yi rawa, wani jirgin masunta zai ratsa ta bayan Aljanna. Irin fim ɗin da zai zauna ya yi wa tsiya har bakinsa ya gaji. Amma hutu ya matso, kuma dattawansa ba za su taka gidan su Rifkatu ba sai tsohuwar ta ga an buɗe masa ƙofa.

Farar jallabiyar da Aruna ya je masallaci da ita tana rataye a ƙusa. Dogara ya cire agogon hannunsa ya ajiye a kan gado.

"Aruna, don Allah ara mini jallabiyar nan, ka taso mu je bakin ruwa kafin rana ta faɗi. Kai za ka riƙe wayar. In ka ga jirgi zai wuce, ka ce mini in tsaya."