Duwatsun da na jera a bayan kwantena

Shirun ne ya fara ba ni tsoro. Ina cikin kwantenar da nake dafa wa injiniyoyi shayi, a wani filin gini gaba da Lusail, kusa da Doha, sai na ji an kashe katafila, aka kashe ta biyu, alhali ko azahar ba ta yi ba. Na leƙa ta taga. Wasu fararen motoci sun tsaya, mutane sun kewaye wurin da nake sallah.

Wurin ba wani abu ba ne. Lokacin da na fara aiki babu inda mace za ta yi sallah, sai na yi yadda ake yi a gonar kakana. Na share ƙasa a bayan kwantena, na kwaso duwatsu daga gindin wani ɗan tudu da ke kusa, na jera su, na fitar da alƙibla. Ban tambayi kowa ba. Wa yake neman izini a kan dutse?

Direban katafila, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da nake kira Baba, ya shigo yana share gumi.

"Ɗiyata, kin jawo mana baƙi. Masu tonon tarihi ne. Wai tudun nan kabari ne, tun kafin zuwan Musulunci."

"Kabari, Baba?"

"Duwatsunki ma nasa ne. Yanzu an ce doka ta ƙara tsanani, ba a tona wuri sai sun duba. Wanda ya ɗauki abu kuwa..." Bai ƙarasa ba, ya ɗaga hannu sama kamar jirgi yana tashi.

Na tuna kafil ɗina, wanda takardun zamana suke hannunsa, na tuna Inna a tasha tana riƙe da mayafina tana cewa kar in taɓa abin kowa a ƙasar mutane. Ga shi na taɓa na matattu.

Aka zagaye wurin da igiya. Kwanaki suka yi ta wucewa, ba wanda ya ce mini uffan. Ina kai shayi kamar kullum. Da na ji ƙarar mota sai in ce an zo tafiya da ni.

Wata rana bayan azahar shugabar masu tonon ta aiko a kira ni. Balarabiya ce 'yar ƙasa, abayarta duk ƙura a gwiwa. Ta kama hannuna ta kai ni bakin ramin da suka tona a tudun.

Mutum ne kwance a gefensa, ya naɗe gwiwoyi kamar yaron da barci ya ɗauke. A wajen wuyansa ƙananan ɓawon kodin teku ne, an huda su. Wani ya zauna ya huda su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya yi masa kuka a nan, kafin a san za a yi gari mai suna Doha. A bayanmu dogayen benaye suna ƙyalli cikin rana, sai na ga duk sun zama jarirai.

Ta ɗauko wani dutse daga jerin nawa, wanda nake ajiye takalmi a kai, ta juya shi. Cikinsa ya lotsa, sumul. Dutsen niƙa ne, irin na kakata sak. Ta ce in taɓa. Tafin hannuna ya zauna cikin lotsawar kamar an auna. Na ji kamar matar da take niƙa a kansa ta je ɗebo ruwa ne, yanzu za ta dawo.

Sannan ta nuna mini sawun katafila a ƙasa. Ya taho a miƙe, da ya iso duwatsuna sai ya karkace, ya bar tudun a bayansu. Ta sa aka kira Baba, ta tambaye shi dalili.

"Ni in bi ta kan masallaci? Hajiya, ko na mace ɗaya ne, masallaci ne. Injiniya ya yi ta yalla, yalla, na ce masa ya hau ya tuƙa da kansa."

Ta yi dariya har ta dafa kafaɗata. Ni dai na kasa, na tambaye ta ko za a mayar da ni gida.

"Khalas," in ji ta, wato magana ta ƙare. "Ba wanda zai taɓa ki. Duwatsun dai za mu karɓa."

Aka kira la'asar a wayar wani lebura. Na ɗauki buta, na tafi neman inda zan yi sallah.