Kubewar da Aka Ɗaura wa Tsumma

Ƙarshen damina ne, shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri har masarar garinmu Ushafa ta tsaya ba ta cika ba. Ni dai abin da na sani a lokacin, tuwo ya ragu a kwano, amma hira ba ta ragu ba. Bayan magariba Kaka, mahaifiyar babanmu, takan tara mu bakin murhu tana juya 'yar masara a garwashi, ta ce mu matso, ga wata tatsuniya nan tafe.

Ran nan ta ba mu labarin wata mata mai yara da yawa. Al'adar garinsu irin tamu ce: kubewar da ta fi kyau ba a tsinke ta, sai a ɗaura mata tsumma ta bushe a jikin karanta, ita ce irin baɗi. Yunwa ta matsa, matar ta kwance tsumman ta yi miya. Da ruwa ya dawo kowa na shuka, ita tana zaune. Sai maƙwabciyarta ta miƙo mata busasshiyar kubewa ta kan danga, don ita kullum biyu take ɗaurewa.

Yayana ya ce ai kwaɗayi ne ya ja wa matar. Kaka ta dube shi ta ce, "Kai ɗan nan, ka taɓa kwana da yaro yana kukan yunwa? Ci masararka."

Yanzu ina Kuchigoro, ɗaki ɗaya da yarana. A bayan ɗakin na jera buhuna cike da ƙasa, na shuka kubewa da alayyahu da tattasai. Su ke rufa mana asiri ranar da kasuwa ta fi ƙarfinmu. Da yake wurin kaɗan ne, bana kubewa ɗaya tak na bari ta iri.

Kwanan baya Maman Grace, maƙwabciyata, ta tsaya bakin ƙofa tana ta kewaye-kewaye. Da ƙyar ta faɗa mini tunda aikin mijinta ya tsaya sun cinye kubewarsu, har ta irin, ko zan ɗan sam mata iri. Na ce mata bari in gani. Na wuni ina juya abin: in na raba, sauran suka ƙi tsirowa, miyar yarana fa? A nan na fahimci Kaka ba laifin wadda ta ci take nuna mana ba. Tana gaya mana ne mu riƙa shuka da maƙwabci a zuciya, don yau shi ne, gobe mu.

Washegari na fasa kubewar a faranti, na raba 'ya'yan da gefen hannu, na ƙulle rabi a leda. Na ƙwanƙwasa mata ƙofa tun yara ba su tafi makaranta ba.