Zoben da Na Kai wa Labaran Maƙeri

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris na 1967, saura mako guda Babbar Sallah, ina cikin aji a Dutsin-Ma, wani direban motar Katsina ya leƙo ta taga ya ce mini Allah Ya yi wa Labaran Maƙeri na Kurfi rasuwa da hantsi. Na ajiye alli na hau keke. Kafin in isa, Baba, an riga an kai ka makwancinka. Ko a wannan ma na makara, kamar yadda na saba makara a gaban wutarka.

Masu karanta wannan takarda za su yi mamakin abin da ya haɗa malamin makaranta da maƙeri. Sarƙar garmar shanu ce. A daminar 1958 zobe ɗaya ya tsinke a gonata ta Kutawa, ana tsakiyar huɗa. Ni kuwa a lokacin ina da wani littafin Turanci na haɗa ƙarfe da na sa aka sayo mini daga Zariya, kuma ina da irin ƙarfin halin nan na mutumin da ya karanta abu sau biyu. Na ce ba zan kai wa kowa ba, a gida zan yi.

Da dalma na fara, domin ita ce mai sauƙi. Na narkar na liƙe zoben ya yi kyau ƙwarai, har na nuna wa maƙwabta. Shanun suka yi taku ɗaya ya rabu. Sai na aro kayan waldar gas na Atiku mai gyaran keke, da tankinsa da dutsen nan da ake jiƙawa da ruwa ya ba da iska mai wari. Ban san yadda ake daidaita harshen wutar ba, ta ɗauke mini rabin gemu da gira guda. Maiɗakina Rabi'atu ta ce in zaɓa, ko tankin ya bar gidan ko ita. Waldar lantarki kuwa a Katsina na je na gan ta a wani gareji, na tsaya na ƙura mata ido babu gilashi, na yi kwana biyu kamar an zuba mini yashi a ido. Sai da na warke na tuna cewa Dutsin-Ma ba ta da lantarki. Mai littafin bai ga dalilin ambaton wannan ba.

Da wannan fuskar na zo maƙerarka. Ba ka yi dariya ba sai da ka gama shafa mini maganin ƙuna, irin wanda gidanku ya gada. Sannan ka karɓi zoben ka jujjuya, ka kankare dalmar da farce, ka ce, “Malam, wa ya yi wa ƙarfen nan wannan wulaƙanci?” Na ce wani ne. Ka ce, “Ka gaishe shi, ka ce masa Allah Ya ba gemunsa lafiya.”

A ranar ka raba mini abin da littafin ya kasa rabawa a shafi ɗari biyu. Ka ce dalma ta buta ce da bokiti da fitila, duk mai son taɓa ƙarfe a gidansa da ita ya kamata ya fara, amma kada ya ɗora mata nauyi. Ka ce gas da tagulla sun fi ka iya siririn ƙarfe, shi ya sa duk wanda ya kawo maka karyayyen keke kake tura shi wurin Atiku. Lantarki ba ka taɓa kushe shi ba, kai da kanka ka sallami ɗanka Tukur ya tafi Kaduna ya koyo. Abin da ka ce kawai shi ne, dukansu sai sun sa wani abu tsakanin ƙarfe biyu, haɗin wuta ne kaɗai ƙarfen da kansa yake komawa ɗaya, kuma ba ya bukatar komai sai gawayin ƙirya da zugazugi da tsabtataccen yashi. Ka ce shi ne mafi arahar kaya, shi ne kuma mafi cin shekaru.

Na roƙe ka ka koya mini. Kowa ya san ƙira gado ce. Dangina suka ce jikan limamai ba ya zama gaban uwar maƙera, danginka suka ce ba a buɗe wa bare sirrin gida. Ka saurare su duka, ka ce ɗanka ɗaya ne kuma yana Kaduna, idan ka mutu da abin nan a hannunka, ba su ne za su haɗa wa manoman Kurfi sarƙa ba. Sai daga baya na gane nauyin da ka ɗora mini. Na zo neman abin da zan riƙa yi ranar Asabar, ashe ajiya ka ba ni.

Shekara guda ina zuwa duk Asabar, ban taɓa masaba ba, zuga kawai nake yi. Ina zaune ina ganin yadda kake wasa wa tsofaffin mata wuƙaƙe kana tambayarsu jikoki, da yadda kake barin aikin attajiri ka gyara hauyar mutumin da gonarsa ke jira. Fulanin Shema kan zo da takobi ko gatari, su tafi da shi a gyare da kuma labarin da za su yi mako suna maimaitawa. Ban taɓa ganin wanda ya ƙone ya zo ƙofarka ka tambaye shi ko ɗan wane ne ba.

Da ka ba ni awartaki, sai wahalarka ta fara. A fiƙe bakin ƙarfen biyu, a sa a wuta har ya wuce ja ya yi fari, a watsa yashi, da ya fara tartsatsi a fitar, bugun farko a hankali, na bayansa da ƙarfi. Na rubuta wannan duka a takarda. Nan ne kuskurena. Ƙarfe zai yi fari, ni kuwa in juya in duba takardar in tabbatar, kafin in waiwayo ya huce. Ka ce, “Malam, shi ba ya jiran a buɗe shafi.” Da na daina dubawa kuma sai na riƙa barinsa ya ƙone. Kowane zobe na gama, sai ka rataye shi da zare ka ƙwanƙwasa. Wanda ya haɗu yakan yi ƙara mai tsawo, wanda bai haɗu ba ya ce ƙwas ya yi shiru. Sai ka miƙo mini ka ce, “Akwai ƙarya a ciki.” Shekara takwas ina jin wannan magana. Rabi'atu ta tara zobban a kwando tana ɗaure awaki da su, awakin ma sun gano ƙaryar.

Na gaji, Baba, ban ɓoye maka ba. Bayana ya ƙi, idona ya rage, hanyar Kurfi ta ƙara tsawo. Da ciwo ya kwantar da kai bayan azumi, na yi niyyar bari. Amma na ci gaba da hura 'yar wutar da na gina a bayan ɗakina, domin kunyar zuwa gaishe ka hannu wofi.

Asabar ta ƙarshe na kawo zobe ɗaya. Kana kwance a zaure, ba ka iya ɗaga hannu. Maiɗakinka Inna Hasana ta riƙe zaren kusa da kunnenka, na buga da ƙusa. Ka rufe ido ka ce, “Sake.” Na sake. Sannan ka ce, “Wa ya haɗa maka?” Na karanta littattafai da yawa, an kuma yabe ni a takardun hukuma, ban taɓa samun yabon da ya kai wannan tambayar ba.

Ranar sadakar uku Tukur ya ja ni gefe. Mutum ne da ake ji da shi a walda a Kaduna, amma ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, yashin nan da Baba yake watsawa, a wane lokaci ne?” Na ce ba a faɗa da baki. Na ce masa ya zo gidana ranar Asabar, ya taho da gawayi, kuma zuga zai fara yi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hasana, da Tukur da 'yan'uwansa mata, da maƙeran Kurfi waɗanda suka yi haƙuri da zamana a cikinsu, da manoman da za su nemi ƙofarka idan ruwa ya sauka. Allah Ya ba mu dangana. Allah Ya jiƙanka, Baba Labaran, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sanyaya kabarinka kai da ka ƙare rayuwarka a bakin wuta, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ni kuma Allah Ya ara mini kwana da ƙarfin baya, in mayar da ajiyarka gidan da ta fito.

Malam Dalhatu, Dutsin-Ma