Mai Sayar da Madubin Taurari

A kasuwar Jega, tsakanin buhunan albasa, wani tsoho yana rungume da bututun hangen taurari mai kaurin turmi. 'Yan kabu-kabu sun rantse igwa ce. Yana ta bayani: madubin da ke gindi, mai zurfi kamar tasa, shi ke tattara haske. Idanunsa sun yi yana fari fat, shi ya sa yake sayarwa.

"Baba, madubin nika so," in ji wani mai aski. "Bututun a yi indararo."

"Ɗana, ba ka son ganin duwatsun wata?"

"Gemu nika askewa, Baba."

Tsohon ya fara lalubar kusoshin da ke riƙe da madubin.

"To bari in kwance da kaina, kak ka karce shi."