Direban Ko-ta-kwana Ya Karya Kumallo

Tun dawowata garin Monza na Italiya daga karatu ban ga wuya irin na saurayin nan ba: kauri kamar turmi, a kan jikin da iska za ta iya ɗauka. Yana zaune a shagon kofi na Ombretta da rigar kamfanin motocin tsere, gabansa ruwa zalla da wayarsa.

Kowa a shagon ya san direban ko-ta-kwana ne. Babban direbansu yana rigima da kamfani kan kwantiragi, in ta ɓaci shi zai tuƙa ranar Lahadi. An ƙera wa saurayin kujerar motar tsere daidai ƙugunsa, don haka kowace loma abokiyar gaba ce. Ina jin ya daɗe yana wannan azumi, yana jiran wani ya yi mura.

"Fulvio, ɗana, ci wani abu mana," in ji Ombretta. "Ko wayar ce za ta cika maka ciki?"

"Bari dai, Inna, lauyoyi suna kan maganar kwantiragin."

Sai wayar ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce, "Madalla, ina taya shi murna," da muryar mai ta'aziyya. Babban direba ya sa hannu ke nan.

Ya kife wayar, ya dubi burodi mai cakulan.

"Ba ni biyu. Kujerar ba ta zuwa ko'ina."